Takalmin taya na shiga ciyawa da tsakuwa: wanne ya dace da lemar iska?

Autan Neukölln:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jamus da kewaye. Shawara nake nema. Gidana ba nisa da Tempelhofer Feld, tsohon filin jirgin Berlin ɗin nan da aka rufe a 2008, aka buɗe wa jama'a a 2010. Duk ranar da iska ta tashi sai ka ga samari sun ɗaga wata lema mai dogayen igiyoyi, tana jan su a kan takalmin taya. Abin ya shiga raina. Na iya takalmin taya na kwalta daidai gwargwado, amma ina son wanda zai shiga ciyawa da tsakuwa. Iri biyu na gani: mai taya uku a ƙarƙashin ƙafa, da mai taya biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar Skike. Wanne zan saya? Kuma ya ake kauce wa rauni? A tsaye nake aiki a sito, in na karye albashi ma ya karye.

Kawun Hamburg:
Wa alaikumus salam Auta. Ka ajiye maganar takalmi tukuna. Ka taɓa riƙe lemar da hannunka? In a'a ne, to da ita za ka fara, kana sanye da kambas ɗinka na kullum. Nemi ƙarama mai igiya huɗu, murabba'in mita 2 zuwa 3. Igiyoyi biyu na sama su ne na ja, biyu na ƙasa birki ne. Ka yi ta juya ta har ka iya saukar da ita inda kake so ba tare da ka ɗaga kai ka kalle ta ba. In tana saman kanka ko can gefe, ba ta da ƙarfi. In ta sauko gabanka, iska na bayanka, nan ne take fizga. Kuma iska ba ta ƙaruwa da lissafin da kake zato: in gudunta ya tashi daga kilomita 15 a awa zuwa 30, jan lemar sau huɗu zai ninka. Berlin kuma ba bakin teku ba ce, iskarta tana zuwa ne a yanke, ta lafa ta sake bugowa. Wannan bugun shi ke kwantar da mutane a asibiti.

Autan Neukölln:
Ban taɓa riƙewa ba Kawu. Na ɗauka takalmin ne mai wuyar.

Injiniyan Eindhoven:
Maganar Kawu dutse ce, amma bari in amsa tambayar da yaron ya yi. Ƙanina, abin da za ka fara dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin tafin ƙafarka da ƙasa. Mai taya uku, irin tsohon Rollerblade Coyote ko na Powerslide masu tayar milimita 150, kana tsaye ne a saman tayoyin. Yana da daɗin juyawa, sai dai ka yi sama. Lema kuwa ba gaba take jan ka ba, gefe take ja, kai kuma kana jingina baya kana turjewa. Duk wannan nauyin a idon sawu yake sauka, kuma iya tsayin takalmin iya yadda zai murɗe shi.

Mai taya biyu ƙafarka na zaune ne a tsakaninsu, kusa da ƙasa, ga shi dogo, don haka ƙaramin rami ko tudun ciyawa ba ya tuntsurar da kai ta fuska. Matsalarsa kwana: sai ka ɗaga ƙafa ka taka. Don gudu a miƙe a fili mai faɗi, ni shi zan zaɓa, in da hali mai tayar milimita 200.

Amma Skike da ka ambata, an yi shi ne don masu tafiya da sanduna biyu, takalminka kake sawa ka ɗaure da maɗauri. Ga jan lema na fi natsuwa da takalmi mai tauri wanda ya haura idon sawu ya riƙe shi gam. In ka je gwadawa, ka ɗaure shi sosai ka karkatar da ƙafarka ciki da waje. In wuyan takalmin ya lanƙwashe ya bi ka, mayar musu da abinsu. Tayar kuma ta zama ta iska mai tif, ka bi awon da aka rubuta a gefenta, ka riƙa yawo da ƙaramin famfo da kayan faci.

Kawun Hamburg:
Injiniya, ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba. A titin jirgin Tempelhof kwalta ce shimfiɗe kusan kilomita 2, takalminsa na yanzu ma zai yi. Ga shi da bazara ana killace ciyawar tsakiya saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. Kada ya zuba kuɗi tun bai san ko zai ɗore ba. In ya ɗore, ya nemi na hannu.

Injiniyan Eindhoven:
Haka ne Kawu, sai dai faɗuwa a kwalta da faɗuwa a ciyawa ba ɗaya ba ne.

Anti Nas:
Ku dai kuna ta taya. Ni a sashen ƙashi nake aiki, wuyan hannu muka fi gani wurin masu takalmin taya, don mutum in zai faɗi tafin hannu yake tokarawa. Akwai wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa da kan tsage, mutum ya ɗauka targaɗe ne, wani lokacin hoton farko ma ba ya nunawa. In ka faɗi wurin ya ci gaba da ciwo, ka je a duba, kada ka tsaya shafa man zafi. Hular kwano dole ce, ka duba tambarin EN 1078 a cikinta. Sai kariyar gwiwa, gwiwar hannu da wuyan hannu. In ka bugu a kai ka ji jiri ko amai, lambar gaggawa ta 112 za a kira.

Baban Biyu, Kiel:
Ƙari kan na Anti. Wanda lema ke ja a kan allo mai taya, in abu ya ɓaci yana iya zare ƙafa ya bar allon. Kai takalmin na manne da kai, mafitarka ɗaya ce: ka saki lemar. Akwai 'yan maɗaurai da ake sawa a wuyan hannu, haɗe da igiyoyin birki, kana sakin mariƙin lemar ta mutu ta faɗo. Ka gwada sakin da gangan sau da yawa har hannunka ya saba. Kada ka ɗaura ta a ƙugu tukuna, kuma kada ka taɓa naɗa igiyar a yatsa, in ta miƙe yanka take kamar reza. Ka tabbata ba kowa a gabanka ta inda iska ke tafiya, aƙalla ninki biyu na tsawon igiyarka. Ka kuma tambayi masu inshorarka ko Haftpflicht ɗinka, wato inshorar biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ta haɗa da wannan wasa.

In ka gwanance, mu haɗu mu haura Rømø a Denmark. Bayan ruwa ya janye yashin yakan yi tauri, iskar teku kuma ba ta yankewa irin ta gari. Sai dai gishiri na cin boris, kana dawowa ka wanke ka sa mai.

Autan Neukölln:
Allah ya saka da alheri. Lema da hular kwano zan fara saya, takalmin ya jira. Baban Biyu, mita 2 ko 3? Nauyina kilo 68.

Baban Biyu, Kiel:
Ɗauki mita 2. A kan taya ba ka buƙatar ja mai yawa. Ranar farko kuma ka zaɓi wadda iska ba ta wuce kilomita 20 a awa ba.