Na tuba amma wahalar ba ta sassauta ba, ko Ubangiji bai karɓa ba ne?

Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Don Allah a sakaya sunana. Bara aiki ya kuɓuce mini, ana cikin haka matata ta kwanta ciwo. Akwai kuɗin wani abokina da ya ba ni ajiya, na taɓa don sayen magani da niyyar mayarwa. Kaɗan-kaɗan har suka ƙare. Da ya nema sai na ce na sa su a wata harka, ya jira. Ƙarya ce. Na roƙi Ubangiji gafara, na yi azumi, amma har yau babu aiki, jikin matata kuma yau da sauƙi gobe babu. In na ga kiransa sai in kife wayar har ta gama ruri. Shin wannan wahalar horo ce saboda zunubina? In an gafarta mini, me ya sa ba abin da ya canja?

Wata 'yar'uwa: Ɗan'uwa, sake lissafi. Rashin aikin da ciwon sun riga zunubin zuwa, to ta yaya za su zama hukuncinsa? A Yohanna 9 almajirai sun tambayi Yesu wa ya yi zunubi har aka haifi mutumin nan makaho, shi ko iyayensa. Ya ce ba ko ɗaya. Abokan Ayuba ma irin wannan lissafin suka yi masa, Allah kuwa ya husata da su (Ayuba 42:7). Kada ka ɗora wa matarka nauyin laifinka.

Wani dattijon ikkilisiya: Ɗana, abin da ta faɗa gaskiya ne, amma ni ba nan na ga matsalarka ba. Ka yi wa mutum laifi, ka je ka ba Allah haƙuri, mutumin kuma har yanzu yana zaune da ƙaryar da ka yi masa. Kullum da ka ƙi ɗaga kiransa, ƙaryar kake sabuntawa. Buɗe Littafin Firistoci 6:1-7, kamar da kai ake magana: wanda ya ci amanar ajiya ya yaudari maƙwabcinsa, sai ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar, a ranar da zai kawo hadayarsa. Ba a raba biyun ba. Yesu ma a Matiyu 5:23-24 cewa ya yi ka bar baikonka gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Na san ba ka da kuɗin a hannu. Gaskiya fa, ita ma ba ka da ita? Je ka faɗa masa yadda aka yi, ban da kwana-kwana, ku rubuta abin da za ka iya biya duk wata, komai ƙanƙantarsa. Zai iya yi maka faɗa, yana da hakki. Azumi ya fi wannan tafiyar sauƙi, shi ya sa da yawanmu muke zaɓar azumin.

Wani matashi: Baba, da girmamawa, kada ya ɗauka gafarar Allah tana jiran sai ya gama biya. 1 Yohanna 1:9 ta jingina gafara ne ga amincin Allah. Dauda yana furta laifinsa annabi Natan ya ce masa Ubangiji ya kawar da zunubinsa (2 Sama'ila 12:13), duk da haka yaron da aka haifa masa ta wannan zunubin ya mutu, gidansa bai huta da takobi ba. Gafara daban, sauƙin rayuwa daban.

Dattijon: Haka ne ɗana. Ban ce ya sayi gafara ba. Na ce wanda aka gafarta wa ba shi da dalilin ɓuya kuma.

Wata uwa: Na yi jinyar maigidana shekaru, na san daren da mutum zai yi addu'a ya ji kamar rufin ɗaki ne ya tare ta. Abin da ya riƙe ni Makoki 3:22-23 ne, inda aka ce jinƙan Ubangiji sababbi ne kowace safiya. Ba cikin daɗi aka rubuta shi ba, bayan Babila ta ƙone Urushalima da Haikali ne, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Mai maganar yana tsaye cikin kango, ba abin da ya gyaru tukuna. Tambaya ɗaya, ɗana: matarka ta san zancen kuɗin nan? Fastonku ya san halin da kuke ciki?

Mai tambaya: Mama, ba wanda ya sani, kunya ta hana ni. Na gode muku duka. Yanzu na tura wa abokin saƙo cewa ina son ganinsa, ya ce in zo ranar Asabar. Baba, in tafi ni kaɗai ko in nemi fasto ya raka ni?

Dattijon: Fara zuwa kai kaɗai, kada ya ga kamar ka kawo wanda zai rufe masa baki. In ya ƙi sauraronka, sannan a nemi fasto. Amma matarka ta ji daga bakinka kafin Asabar ɗin, lokacin da ka ga jikin da ɗan dama.