Browns ta 2017, wasa 16 babu nasara ko ɗaya: dabara ce ko kasawa ce zalla?

Ɗan Columbus: Salam jama'a. Ni dai yau zan faɗi maganar da na san za a taso min, amma ko a jikina. Kakar da Cleveland Browns ta yi a 2017, wasa 16 duka aka doke ta, ni ban ɗauke ta abin kunya ba, shiri ne aka zauna aka yi kuma ya biya. Duk wanda ya san tsarin NFL, gasar zari-rugar Amurka, ya san na ƙarshe a tebur shi ke fara zaɓar ɗan wasa a diraf, wato zaɓen sabbin 'yan wasa, to su kawai tsarin suka karanta suka bi. Wanda bai yarda ba ya fito.

Yaron Gunners: Yaya tsaya tukuna, zari-rugar nan ta Amurka ni sabon shiga ne. Wai ƙungiya ta sha kashi sau 16 a jere kuma ba ta faɗa 'yan dagaji ba?? har ma a ba ta tukwici?

Ɗan Columbus: Ƙanena babu 'yan dagaji a can sam. Ƙungiya 32 ce, su ne bana su ne baɗi. Sabbin yara daga jami'o'i suke fitowa, a jera su, wanda ya fi kowa shan kashi shi zai fara ɗauka, wanda ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, shi ne ƙarshe. Ga kuma iyakar albashi da aka sa wa kowa, ba yadda za a yi mai kuɗi ya kwashe duk gwanaye shi kaɗai.

Yaron Gunners: Tab. Derby County ta gama Firimiya da maki 11 a 2008 har yau ana mata dariya, kuma ita ma ta ci wasa ɗaya fa. Pillars da ta faɗa a 2022 kowa ya ga yadda Kano ta yi tsit. Waɗannan kuma hankalinsu kwance.

Kawu Mai Gareji: Ɗan Columbus kai yaron kirki ne amma maganar nan taka ba ta zauna ba. Wane shiri? Ka manta kakar da ta gabace ta, 2016, wasa ɗaya tak suka ci cikin 16, shi ma sai 24 ga Disamba da Chargers, 20 da 17, da ƙyar da jiɓin goshi. Idan ka haɗa shekara biyun koci Hue Jackson ya ci 1 an ci shi 31. In don zaɓin farko ne ai tun 2016 sun samu, sun ɗauki Myles Garrett. To na 2017 ɗin kuma na mene ne? Mutum ya rushe ɗaki don ya gina sabo na yarda, amma ya shekara biyu yana kwana a waje damina na dukansa kuma ya ce mana duk cikin tsari ne, a'a.

Ɗan Columbus: Kawu da girmanka, ai ginin ba ya yiwuwa a shekara ɗaya. Ka duba abin da Sashi Brown ya yi, shi ne mai ɗauka da sallamar 'yan wasa a lokacin, ya bar tsofaffi masu cin albashi suka tafi ya dinga tara damar zaɓe kamar ba gobe. Har Brock Osweiler ya karɓo daga Houston da albashinsa na dala miliyan 16 ba don yana son sa ba, don kawai a haɗo masa da zaɓen zagaye na biyu, kafin kaka ta fara ma suka sallame shi. Wannan zaɓen shi ya zama Nick Chubb. Wanda ya rikice ba ya irin wannan lissafin.

Uwar Biyu: Ina karantawa ina dariya wlh. Malam ka faɗi Chubb amma ka tsallake inda aka yi ɓarnar. A wasan nan duk duniya an san mai jifa shi ne ƙungiya, kwatabak, in ba ka da shi ba ka da komai. A 2016 suna da zaɓe na 2 suka sayar wa Eagles, Eagles ta ɗauki Carson Wentz. A 2017 suna da na 1 da na 12, Patrick Mahomes ya tafi a na 10 wajen Chiefs, na 12 ɗin kuma suka miƙa wa Houston ta ɗauki Deshaun Watson da shi. Su kuma sai suka jira zagaye na biyu suka ɗauko DeShone Kizer, yaro ɗanye ko gama nuna bai yi ba, suka jefa shi fili tun wasan farko, abokan hamayya suka cafe masa jifa 22 a kakar, shi ya fi kowa a gasar gaba ɗaya, yau a cire shi gobe a mayar da shi, to in wannan ne shirin ni ban ga wanda ya amfana ba.

Ɗan Columbus: Hajiya kowa gwani ne bayan an gama wasa. Ƙungiya 9 ce ta wuce Mahomes ba Browns kaɗai ba. Kuma Wentz ɗin ina yake yanzu? Garrett kuwa ya ci gwarzon mai tsaron baya na 2023. Sannan zaɓen da Houston ta ba su saboda Watson shi ya dawo na 4 a 2018, suka ɗauki Denzel Ward.

Uwar Biyu: Eh, sannan a 2022 suka koma wajen Houston ɗin dai suka sayo Watson ɗin da suka ƙi ɗauka kyauta, suka ba da zaɓen zagayen farko har guda 3 da kwantiragin dala miliyan 230 da dole a biya duka ko ya buga ko bai buga ba 😂 Duk tarin da aka sha wuya aka yi a rana ɗaya aka zubar.

Ɗan Columbus: Wannan wasu shugabannin ne daban, kar a haɗa.

Uwar Biyu: Mai ƙungiyar dai ɗaya ne, Jimmy Haslam.

Malam Lissafi: Ku bari in raba muku abu biyu da kuke cakuɗawa. Akwai ofis akwai fili. Ofis kam ba musu sun zaɓi su raunana ƙungiyar, a Maris 2016 suka bar Alex Mack da Mitchell Schwartz suka tafi, Mack ya je Atlanta a kakar ya buga Super Bowl, ana dab da fara kakar 2017 kuma suka sallami Joe Haden ya tafi wajen manyan abokan gabarsu Steelers. Har Paul DePodesta suka ɗauko daga wasan besbol saboda ƙwarewarsa a lissafin alƙaluma. Wannan duk da gangan ne. Amma a fili babu ɗan wasan da ke faɗuwa da gangan, wasa ne da ake karya mutum a cikinsa, kuma yawancin kwantiragin ba tabbas, ka yi sakaci gobe an sallame ka. Ku duba sakamakon: Titans sai a ƙarin lokaci ta ci su 12 da 9, Packers ma ƙarin lokaci 27 da 21 bayan Browns na gaba da maki 14, wasan ƙarshe da Steelers 28 da 24 kuma Steelers ta ajiye manyanta a benci, Kizer ya jefa wa Corey Coleman ƙwallo tsaf a hannu a damar ƙarshe, ba kowa kusa da shi, ta zame ta faɗi. Wanda yake son ya faɗi ba ya zama ya rufe fuska haka bayan wasa. Ofis sun yi shirin su yi rauni, amma 0 ɗin ba wanda ya shirya ta.

Kawu Mai Gareji: Yawwa Malam, Allah ya ƙara basira. In da shirin na tafiya daidai me ya sa aka kori Sashi Brown a Disamba 2017 kaka ba ta ma ƙare ba aka kawo John Dorsey?

Ɗan Columbus: Rashin haƙurin mai ƙungiya ne Kawu. Shi ya shuka wani ya girba. Dorsey da me ya ɗauki mai jifa Baker Mayfield da Ward da Chubb in ba da abin da aka tara masa ba? 2018 sun ci 7, 2020 sun ci 11 an ci su 5, suka shiga sili-ɗaya-ƙwale karon farko tun 2002, suka je har Pittsburgh suka lallasa Steelers 48 da 37. Ku tambayi mutanen Ohio daren nan, ni ina nan, har a Columbus motoci ke ta hon.

Na Detroit: Ina gefe ina kallonku, amma tunda an zo maganar 0 da 16 dole in sa baki don mu muka fara 😅 Lions 2008. Mu namu ba wanda ya ce dabara ce, lalacewa ce tsagwaronta ta shekarun shugaban ƙungiyarmu Matt Millen, bayan wasa 3 aka kore shi, aka zura mana maki 517 a kakar. Akwai wasa da Vikings da mai jifanmu Dan Orlovsky ya karɓi ƙwallo ya dinga gudu a bayan layin ƙarshe bai ma san ya fita daga fili ba, aka ba su maki 2 kyauta, kuma da maki 2 ɗin suka ci mu, 12 da 10. Abin da nake so Ɗan Columbus ya gane, mu ma ai mun samu zaɓin farko, muka ɗauki Matthew Stafford a 2009, mai jifa na gaske, ga gwanin cafe jifa Calvin Johnson muna da shi. Shekara 12 yana Detroit ko wasa ɗaya na sili-ɗaya-ƙwale bai ci ba. Yana komawa Rams a 2021, kakarsa ta farko ya ɗaga Super Bowl. To ka ga zaɓin farko ba shi ke gyara ƙungiya ba in gidan a hargitse yake. Mu sai Janairu 2024 muka ci irin wasan, karon farko cikin shekara 32, kuma ba albarkacin 2008 ba ne, sabon koci ne Dan Campbell da sabbin masu zaɓe da suka san aikinsu.

Yaron Gunners: Wai tsakanin ku biyun wa ya fi muni?

Na Detroit: A kaka ɗaya mu ne gsky, su 410 aka zura musu. Amma in an haɗa shekara biyu sun sha gabanmu. Abin dariyar, mu da su duka mun cinye wasannin share fage 4 kafin kakar. Kuma mu biyun ba wanda ya taɓa taka Super Bowl.

Malam Lissafi: Buccaneers ta 1976 ma ta gama 0 da 14, ta kai wasa 26 a jere ba nasara, amma ita sabuwar ƙungiya ce a lokacin, ana mata uzuri.

Kawu Mai Gareji: Ni abin da ya fi tsaya min a rai Joe Thomas ne. Bawan Allahn nan tun 2007 yake tare wa masu jifansu, sau 10,363 a jere ana tayar da ƙwallo yana cikin fili bai fita ko sau ɗaya ba, a kakar nan ta 2017 hannunsa ya samu rauni ya ajiye wasa bai taɓa buga sili-ɗaya-ƙwale ba. Masu lissafin ofis suna cewa a jira shekara uku, shi jikinsa zai jira ne? Haka mai sayen tikiti a sanyin Cleveland, ba wanda ya rage masa ko dala ɗaya don wai ana gini.

Uwar Biyu: Ai magoya bayan sun ba da amsa Kawu, a Janairu 2018 suka fito cikin tsananin sanyi suka yi faretin zolaya suna zagaya filin wasan. Shi kuma koci ya riga ya yi alkawarin in suka sake 1 da 15 zai faɗa tafkin Erie, ya yi abin da ya fi haka muni, sai ga shi a Yuni 2018 ya shiga ruwan. Kuma ba a kore shi ba sai Oktoba, ya tafi da nasara 3 an ci shi 36 canjaras 1.

Ɗan Columbus: To ai shi Hue Jackson ɗin da bakinsa a 2022 ya fito yana nuna cewa akwai tsarin da ke ƙarfafa faɗuwa a lokacin. Kun ga maganata kenan.

Malam Lissafi: NFL ta sa an yi bincike kuma ta ce ba a samu abin da ya tabbatar da zargin ba, wannan ma a faɗa. Sannan ka lura ka sauya magana, da farko cewa ka yi ya biya, yanzu ka koma da gangan ne. Ko da gangan ne tambayar ita ce me aka samu. Nasara 1 a sili-ɗaya-ƙwale. Mayfield ɗin da aka sha kashi 16 don a samu, 2022 aka miƙa shi Carolina, sai a Tampa ya farfaɗo. 2024 sun koma 3 da 14. Chiefs kuwa ba ta rushe kanta ba, wasa 12 ta ci a 2016, ta yi musaya ta hauro daga na 27 zuwa na 10 ta ɗauki Mahomes, ka ƙirga kofunan da ya kawo mata.

Ɗan Columbus: Chiefs tana da koci Andy Reid Malam, ba kowa ke da Andy Reid ba. Ƙungiyar da tun dawowarta gasar a 1999 take ta canza mai jifa, me kake so ta yi, ta ci gaba da cin wasa 5 ko 6 duk shekara tana zaɓe a tsakiya? Ni gara a faɗi ƙasa warwas sau ɗaya. Inda na yarda da ku kawai barin Hue Jackson ya shiga shekara ta uku da kuma cinikin Watson, amma tara zaɓen nan har gobe ina kan bakana.

Yaron Gunners: Ni fa yanzu na duba sunayen 'yan wasan 2017 ɗin na ga Njoku da Ogbah da Ogunjobi, ashe har da 'yan gida aka sha wannan kashin 😭

Na Detroit: Sosai, Emmanuel Ogbah a Legas aka haife shi. Shi ya tsira ma, Chiefs ya koma a 2019 suka ci kofi a kakar.

Uwar Biyu: Kun ji ko, duk wanda ya bar gidan sai ya samu. Ɗan Columbus har yanzu ba ka amsa min maganar Kizer ba fa, wa ya yanke a fara da shi kuma me aka tara da hakan?

Ɗan Columbus: Hajiya na shiga aiki, in na tashi zan dawo miki, kar kowa ya goge komai.