Ina ya kamata mu riƙa ajiye buƙatun ƙarin abubuwa a manhajarmu?

Bashir_Py: Salam 'yan uwa. Muna da wata ƙaramar manhaja ta kyauta a GitHub (shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu), kowa na iya ganin kod ɗinta, to matsalar ita ce masu amfani sai su zo Telegram su ce a ƙara kaza a ƙara kaza, bayan sati babu wanda ya tuna wa ya ce me. Mu maida komai Issues ne (sashen GitHub na rubuta kurakurai da ayyukan da za a yi) ko Discussions (sashensa na tattaunawa)?

Hajara: Wa'alaikassalam. Ni dai Discussions nake gani, akwai sashen Ideas, mutane su yi ta muhawara suna danna ƙuri'a, wanda ya nuna sai ka buɗe masa issue daga nan. In ka zuba komai a Issues sai ainihin kurakuran manhajar su nutse cikin "don Allah a sa mana yanayin duhu".

Malam_Sani: Ƙanwata, ku nawa ne tukuna? In mutum uku ne ke riƙe da aikin, wuri biyu nauyi ne wallahi, ɗaya zai zama kufai. Issues kawai, a manna alamar enhancement (wato buƙatar ƙari), a yi fom a foldar .github/ISSUE_TEMPLATE mai tambayar wace matsala kake son warwarewa. Masu yaren kod na Python da ke raba su, shawarwari a discuss.python.org manya kuma su zama PEP (takardar shawarar canji a Python), ai jama'arsu dubbai ne.

Bashir_Py: Mu biyu ne Malam. Amma yawancin masu amfanin ba su da akawun na GitHub, a waya suke.

Hajara: To bar su a Telegram ɗin, duk Juma'a ɗayanku ya kwashe ya shigar Issues, ya turo musu link.