Don Allah yaya ake cewa rashin barci da yaren Lituwaniya?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Wata na tara ke nan a birnin Kaunas na ƙasar Lituwaniya ina karatu. Yayana ne ya sayar da filinsa ya biya min kuɗin makaranta, shi ya sa ban gaya wa gida ba. Sati uku barci ya ƙaurace wa idona. A Yunin nan rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, kafin ƙarfe 5 ta sake fitowa. Ka yi Isha'i, ka ɗan kishingiɗa, sai Asuba. Jiya na je kemis, tsohuwar da na tarar ba ta jin Turanci, na yi ta kwatance da hannu har ta miƙo min maganin ciwon kai. Me suke ce wa rashin barci?

Baban Khalifa: Nemiga. "Ne" a'a, "miegas" barci. Rubuta a takarda ka miƙa mata. Amma ƙwayar barci ba za ka samu ba sai da takardar likita, ka je wurin šeimos gydytojas, likitan iyali. Shekara 6 na yi a Vilnius, babban birnin ƙasar, abin da na faɗa shi ne.

Ɗalibi: Yallaɓai, na bincika nemiga, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ce ta fito min.

Baban Khalifa: Waccan a Minsk take, Belarus, sunan kogi ne. Ni zan yi maka ƙarya?

Hajiya Inna: Ɗana, ka karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka tofa a hannu ka shafa. Kuma ka kira mahaifiyarka. Nawa yana Turkiyya, sai kuɗi sun ƙare yake tuna ni, ni da nake kwana ido biyu saboda shi.

Ummi: Labule mai kauri kawai, kuma ka rage kofi. Wasu malaman Turai sun yi fatawar haɗa Magariba da Isha'i a irin wannan lokaci, ka tambaya a masallacin Kaunas.

Baban Khalifa: Labule ba ya maganin tunani. Likita.

Ɗalibi: Anti, kofin kofi uku ne kacal, kuma jarrabawa ce a gabana. Likita kuma sai na yi rajista, ba ni da lokaci. Ba wani abin da ake sayarwa haka nan?

Hajiya Inna: Ka kira mahaifiyar taka dai?