Neman kalma: me za mu kira binding da native library da Hausa?

Malama Hadiza: Salam 'yan'uwa. Gobe da safe zan ɗauki darasin bidiyo kan yadda yaren shirye-shiryen kwamfuta na Python ke kiran laburaren (tarin shirye-shiryen da ake ɗauka a yi amfani da su) da wasu suka rubuta da yaren C, irin su zlib da SQLite, ta hanyar ctypes, kayan aikin Python na kiran irin waɗannan laburare. Kalmomi biyu sun gagare ni, binding da native. Dan Allah a taimaka kafin dare.

Sagir: Wslm Malama. Binding ai tafinta ne kawai. Python na da yarenta C na da nasa, shi ke tsakiya yana juya lamba da rubutu zuwa yadda C zai gane, ya dawo da amsa.

Injiniya Bala: Tafinta ya yi daɗi amma an riga an kama shi, shi muke kiran interpreter na Python da shi, wato manhajar da ke gudanar da shirin Python, in kin sa biyu a darasi ɗaya ɗalibai za su rikice. Ni gada nake cewa. Kuma gada ta fi nuna haɗarin, don da ka tsallaka ka bar kariyar Python a baya, in ba ka faɗa wa ctypes argtypes da restype ba, wato nau'in abin da za ka tura wa C da nau'in abin da zai dawo, ɗauka zai yi int (lamba mai bit 32) ne zai dawo, a na'ura mai bit 64 sai ya gutsure adireshin memori, shirin ya mutu nan take babu saƙon kuskuren da za ka kama. Ga kuma rigimar wa zai saki memorin da C ya ware, Python ba ta san da shi ba balle ta share.

Malam Ɗanjuma: Ku dakata. Tafinta Turanci ne da aka lanƙwasa, laburare ma haka, memori ma haka. Sai yaushe za mu daina ara? Ni na daɗe ina cewa kadarko, laburare kuma rumbu, native kuma ɗan ƙasa. Kadarkon rumbun ɗan ƙasa.

Sagir: Malam wace ƙasa kuma? Native nufinsa an riga an juya shi zuwa umarnin da injin ke gudanarwa kai tsaye, shi ya sa fayil ɗin .dll ne a Windows, .so a Linux, .dylib a macOS, kuma na wannan ba ya aiki a wancan.

Malam Ɗanjuma: To ai ɗan ƙasar injin ke nan. Matsalarku matasa kunyar harshenku kuke ji, in ba a ji Turanci a bakinku ba gani kuke ba a san kun yi boko ba.

Injiniya Bala: Haba Malam, wannan ba adalci ba ne. Da kunya muke ji da ba mu zauna muna koyarwa da Hausa ba. An ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, yau wa ke faɗa? Kowa kwamfuta yake cewa. Kuma ɗalibin nan gobe JNI zai nema a intanet in ya koma Java, ko P/Invoke a C#, ko cgo a Go, wato irin wannan gadar a waɗancan yarukan, dole kalmarmu ta kai shi can ba ta tsare shi ba.

Malam Ɗanjuma: Don an bar na'ura mai ƙwaƙwalwa ta mutu sai mu bar sauran ma?

Malama Hadiza: Iyayena da yayyena dare na yi fa. Zan ɗauki gada, zan faɗi binding sau ɗaya a farko don masu bincike. Rumbu kuma na karɓa Malam, ya fi laburare, don ɗalibai ɗakin karatu suke hangowa. Native ne har yanzu ban samu ba.

Sagir: Rumbu mai yaren inji?

Malam Ɗanjuma: Harshen inji dai, ba yare ba. Gadar ma ban yarda ba, amma ki yi darasinki, in kin ɗora ki turo mu gani.