Neman kalma: thermal pollution da retention pond

Hadiza: Jama'a a taimaka, gobe da safe zan miƙa fassarar wani rahoto na rediyo. A jihar Minnesota ta Amurka ruwan sama kan sauka kan kwalta mai zafi da rufin gidaje, ya ɗau zafi ya bi magudana ya faɗa rafi, kifin trout kuwa sai ruwan sanyi, in zafin ruwan ya haura digiri 20 a ma'aunin Celsius kifin ya fara wahala, ga iskar oksijin tana raguwa a ruwan ɗumi. Tafkunan da suke haƙawa don tare ruwan su ma rana ke dafa su, gara wanda ake bari ya nutse cikin ƙasa. Wannan illar zafin ita rahoton ke kira thermal pollution, tafkunan kuma retention pond. Me zan kira su da Hausa?

Malam Bala: Na biyun ai kududdufi ne ƙanwata, kar ki wahalar da kanki. Na farko kuma gurɓatar zafi.

Sanusi: Malam kududdufi ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne ruwa ya taru da kansa, wannan kuwa injiniyoyi suka auna suka haƙa har da bututun fita. Tafkin tare ruwa.

Malam Bala: To gurɓatar zafin fa?

Injiniya Ɗanjuma: Zafin ne ya gurɓace? Ni tuntuni ɗumamalale nake cewa ɗalibaina, ɗumi da malale, kalma ɗaya tak.

Sanusi: Wa zai gane ɗumamalale a rediyo don Allah

Injiniya Ɗanjuma: Da ma gidan rediyo ne ke koya wa mutane kalma. Ɗumamar yanayi a bakin wa kuka fara ji? In Bature ya haɗa kalma ku karɓa hannu bibbiyu, in namu ne sai gardama.

Issoufou: Mu dai a Maraɗi duk abin da kuka yanke a Kano sai dai mu ji a iska, ba a taɓa tambayarmu.

Malam Bala: Ga shi an tambaye ka, kawo taka.

Issoufou: Ku taɓa ruwan farko da ke zubowa daga indararon kwano in an yi ruwan la'asar, da ɗumi yake. Kowa ya san wannan. Hajiya ki ce ɗumamar ruwan malale, ki yi bayani sau ɗaya.

Hadiza: Na gode, na ɗauki tafkin tare ruwa da ɗumamar ruwan malale. Sai dai bai nuna cewa illa ce ba, zan ƙara da baki.

Injiniya Ɗanjuma: Kalma uku inda ɗaya ta isa. Ni a ajina ba zan canza ba.