Yaushe ya kamata a sauke fitilun ado na waje bayan biki?

Maman Biyu, Minnesota:
Salama a gare ku, iyaye da yayye na wannan zaure. A ƙarshen watan Nuwamba maigidana ya zagaye bakin rufin gidanmu da fitilun Kirsimeti, ya naɗe wasu a jikin 'yar bishiyar da ke ƙofar gida, domin yaran sun ga na maƙwabta sun nace. Yau 3 ga Janairu. Maƙwabcinmu na dama ya kwashe nasa tun washegarin sabuwar shekara, na hagu kuwa har yanzu nasa na ci kowane dare. A Wusasa inda na tashi, adon biki a coci da cikin falo yake, ba mu saba rataye fitilu a waje ba, shi ya sa nake neman shawararku. Dusar ƙanƙara ta lulluɓe rufin, ƙofar gidan kuma santsi ne da ita.

Baba na Landan:
Sannu da ɗawainiya, 'yata. A nan Ingila ranar da aka fi sani ita ce daren sha biyu bayan Kirsimeti, wato 5 ga Janairu, jajibirin ranar da coci ke tunawa da zuwan masanan taurari daga gabas. Wasu suna ƙirga ta 6 ga wata, kuma har yau akwai masu camfin cewa barin ado ya wuce wannan dare yana jawo rashin sa'a. Babbar bishiyar dandalin Trafalgar, wadda birnin Oslo ke aiko wa Landan kowace shekara tun 1947 domin godiya kan taimakon da Birtaniya ta yi wa Norway a Yaƙin Duniya na Biyu, a daidai waɗannan kwanaki ake sauke ta, a niƙa ta a mayar da ita taki. Sai dai wannan ba doka ba ce ta addini. Mutanen Ingila na da can sukan bar adonsu har jajibirin 2 ga Fabrairu, cikar kwana 40 da haihuwa, ranar da aka kai jariri Yesu Haikali. Saboda haka duka maƙwabtanki biyu babu wanda ya yi kuskure.

Anti ta Stockholm:
Na goyi bayan Baba. Mu a Sweden sai 13 ga Janairu ake sallamar Kirsimeti, ranar da suke kira ta Knut, inda yara ke zagaye bishiyar da waƙa, su cinye alewar da aka rataya mata, sannan a fitar da ita. Duk da haka fitilun baranda sukan daɗe fiye da haka, domin a wannan wata rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe 3, kuma mutane na matuƙar bukatar haske a irin wannan duhu. Idan fitilunki farare ne, ƙanwata, babu mai ganin laifinki don sun kai ƙarshen Janairu. Abin da ya kamata a fara kwashewa shi ne masu launin ja da kore, da mutum-mutumin da ake hura wa iska, domin su ne suke nuna biki ya wuce an bar kaya a waje.

Mai Wayarin, Chicago:
Ƙanwata, ni da idon sana'a zan duba maganar, domin na yi wayarin a Kano kafin in zo nan in ci gaba da shi. Kashe fitila daban, sauke ta daban, kuma rikicewar da kike ciki ta samo asali ne daga haɗa su wuri guda. Ranar kashewa ki ɗauke ta daga abin da Baba da Anti suka faɗa, ki zare filogi daga soket, shi ke nan. Ranar saukewa kuwa yanayi ne yake tsayar da ita, ba kalanda ba.

Dalilina shi ne, a sanyin Minnesota da kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, robar da ta rufe waya takan sandare, idan aka ja ta ko aka lanƙwasa sai ta tsage, 'yan maƙalan roba da ke riƙe da ita a bakin rufi kuma su karye a hannu kamar busasshen kara. Mafi muni shi ne kafa tsani a kan ƙanƙara. Ina roƙonki da babbar murya kada ki bar maigida ya hau, komai yawan maƙwabtan da suka riga ku. Ku jira ranar da sanyi ya sassauta, ƙasa ta bushe, ku yi aikin da tsakar rana, wani yana riƙe da tsanin, a kuma ja gindinsa baya ƙafa 1 a kan kowace ƙafa 4 ta tsawo. A ɓalle maƙalan ɗaya bayan ɗaya, kada a tsaya a ƙasa a fizgo wayar.

Amma jinkirin yana da iyaka. Kundin ƙa'idojin lantarki na Amurka ya ba irin waɗannan fitilu na wucin gadi kwana 90 ne kawai, domin ba a ƙera su don zaman dindindin a rana da ruwa ba. Tunda a ƙarshen Nuwamba kuka rataya, wa'adinku na cika ne a ƙarshen Fabrairu. Ta jikin bishiyar ma kada ta kai lokacin da itatuwa ke tohowa, domin kututture na ƙara kauri, wayar sai ta nutse a ɓawon, ga kurege da ke son tauna ta.

Hajiya ta Kano:
Ko da yake bikin namu daban ne, matsalar guda ce. A unguwarmu matasa kan ja fitilu da tutoci daga wannan soro zuwa wancan idan watan Maulidi ya kama, kuma a ganina iyakarsu ita ce Takutaha, 19 ga Rabi'ul Awwal, ranar da ake hawa Dutsen Dala, ko a yi haƙuri zuwa ƙarshen watan. Wata shekara an bar su a layinmu wata da watanni, rana da ƙurar hunturu suka ci robar har ta yi faso kamar dunduniya, inda aka haɗa waya da salatif kuma ya saki. Da ruwan farko ya sauka, da idona na ga tartsatsi na zuba a kan rumfar mai shayi, Allah ne ya kiyaye babu kowa a ƙarƙashinta. Tun daga nan dattawan layi suka ce duk wanda ya jagoranci ratayawa, shi zai jagoranci saukewa, kuma a sa rana tun kafin a hau tsani.

Ɗan Autan Zaure, Ohio:
Ina neman afuwar Yaya Mai Wayarin, akwai abu ɗaya da zan ƙara. Wasu unguwanni a Amurka suna da ƙungiyar masu gidaje da ke sa nata wa'adin, kuma takan ci tara. Ni an taɓa turo mini takardar gargaɗi a tsakiyar Fabrairu. Yaya Maman Biyu, ki duba takardun da aka ba ku lokacin sayen gidan, idan wa'adin ya matso alhali rufin bai bushe ba, ki rubuta musu ki nemi ƙarin lokaci, ko ku ɗauki masu aikin saukewa waɗanda ke da igiyar tsaro.

Mai Wayarin, Chicago:
Ka yi gaskiya, ƙanena, na manta da wannan. Idan an sauke, ƙanwata, a shigar da su ɗaki su sha ɗumi su bushe kafin a naɗe, a kunna kowace igiya a gwada, wadda jan ƙarfenta ya leƙo a rabu da ita, kada a ce za a ɗaure da salatif. Sauran a naɗe kowace a jikin guntun kwali, a rubuta inda aka cire ta.

Maman Biyu, Minnesota:
Na gode ƙwarai, Baba, Anti, Hajiya da yayyena, Allah ya saka da alheri. Na duba takardun gidan, unguwarmu ba ta da irin wannan ƙungiya. Mun yi shawara da maigida cewa ranar 6 ga wata bayan addu'ar yamma yaran za su zare filogin da hannunsu, ta jikin bishiyar kuma zan warware ta ranar da sanyi ya ɗan yi sauƙi, tunda hannuna na kaiwa daga ƙasa. Ta bakin rufin za ta jira ƙanƙarar ƙofar gida ta narke, kuma na rubuta 20 ga Fabrairu a kalandar kicin, idan har ranar ba ta narke ba mu kira masu aikin.